Gadar Oksijin Ɗaya Tak: Yadda Nake Dafa Rini Mai Ƙyalli

In zan dafa rinin da ake kira fuloresin, garin sinadari iri biyu nake aunawa, kuma dukansu farare ne fat. Na farko risosinol, giram 2.2. Na biyu ftalik anhaidaraid, giram 1.5. In zuba su a 'yar kwalba mai zagayayyen gindi, in ɗiga musu asid ɗin salfa mai ƙarfi ɗigo kaɗan, in binne gindin kwalbar a cikin yashi mai zafi, a cikin akwatin nan da ke zuƙe hayaƙi. Tabarau na kariya a ido, safa a hannu, domin asid ɗin nan ba ya wasa da fata.

Daga nan sai zaman jira. Risosinol ne ke fara narkewa, a wajen digiri 110, abokinsa ya biyo shi a wajen 131. Su zama ruwa garai-garai. Da zafi ya doshi digiri 180 sai launi ya fara shigowa: rawaya tukuna, sannan ruwan lemu, sannan ja, sannan jan ya yi duhu har ya koma kamar busasshen jini. A wuyan kwalbar kuwa za ka ga wasu siraran fararen allurai suna tsirowa. Ftalik anhaidaraid ne da ya tsere daga zafi, ya tashi sama ya daskare inda ya tarar da sanyi. Nakan sa sandar gilashi in kankaro su a hankali su koma ƙasa, tunda duk allurar da ta tsaya a wuyan kwalba rini ce da ba za a samu ba. Bayan kamar rabin awa abin ya yi kauri, ya daina motsi. In ya huce sai ya ƙanƙare ya zama dunƙule, baƙi-baƙi, mai tauri, manne da gilashi. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A wannan aikin dutsen ne ma abin da kake samu bayan ka gama dahuwar, kuma da ruwan kostik soda ake lallashinsa ya narke.

Ranar da na fara yin wannan haɗi, ina ɗalibi, na tsaya a kan kwalbar raina a ɓace. Ruwan da na samu ja ne mai duhu, kamar tsatsa, babu wani ƙyalli a cikinsa. Na ɗauka na ƙona shi. Wani dattijo da ya daɗe yana kula da ɗakin gwajin ya leƙo, ya dubi kwalbar, ya dube ni.

Na ce, "Baba, ina jin ya lalace."

Ya ce, "Yaro, ba a ganinsa a cunkushe. Ɗebo ruwa a babban tulun gilashin can."

Na cika tulun da ruwa, ya sa na tsoma bakin sandar gilashi kawai a cikin jan ruwan, na taɓa saman ruwan tulun da ita. Wallahi har yau ban manta ba. Wani kore shar ya sauka a hankali, yana murɗawa kamar hayaƙi, yana rarrabuwa zare-zare, kuma koren nan ba irin na fenti ba ne, kai ka ce an kunna fitila a cikin ruwan. Da na ɗaga tulun saitin taga na duba ta cikinsa, sai na ga rawaya. Da na dube shi daga gefe, kore. Gani ya kori ji. Sunan wannan rini fuloresin, kuma tun daga ranar nake bin sawun danginsa.

Masanin sinadarai ɗan ƙasar Jamus, Adolf von Baeyer, shi ya fara haɗa shi a 1871, da kusan irin wannan dahuwa da na kwatanta. Lissafinta a fili yake: ƙwayar ftalik anhaidaraid ɗaya ta haɗu da ƙwayoyin risosinol biyu, ƙwayoyin ruwa biyu su fice, abin da ya rage shi ne fuloresin, mai zarrar kabon 20, haidirojin 12 da oksijin 5 (zarra ita ce ƙaramin tubalin da ake gina ƙwayar sinadari da shi). A shekarar nan dai Baeyer ya haɗa wani ɗan'uwansa, fenolftalin, wanda duk wanda ya yi darasin kemistiri a sakandare ya sani: shi ne ruwan nan marar launi da ke komawa ruwan hoda in asid ya ƙare a lokacin gwaji. Tukunya ɗaya, dahuwa ɗaya, sai dai a maimakon risosinol an sa fenol.

A nan ne abin da ya fi ɗaukar hankalina yake. Zana ƙwayoyin biyu a takarda ka jera su. Kowace tana da zarrar kabon guda a tsakiya, da zobba uku da suka rataye a jikinta. Kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Amma haska fenolftalin da kowace irin fitila, launinsa kawai za ka gani, ba zai mayar maka da haske ba. Fuloresin kuwa, a cikin ruwa mai ɗan soda, in ya haɗiye ƙunshin haske ɗari, yakan dawo da sama da casa'in. Me ya raba su? Risosinol yana da hannu ɗaya na oksijin da haidirojin fiye da fenol. A cikin zafin nan, hannun zobe na dama da na zobe na hagu suka haɗu, suka zubar da ruwa, aka bar zarrar oksijin guda a tsakaninsu ta zama gada. Gadar nan ta ɗaure zobban biyu tamau, suka kwanta a shimfiɗe wuri guda, ba mai iya juyawa. A fenolftalin babu gada, zobban suna ta wulwulawa kamar fukafukan fanka.

Wata ɗalibata ta taɓa tsayar da ni a daidai wannan gaɓa. Ta ce, "Malam, to shi fenolftalin ai yana shan hasken, tunda ga launi muna gani. Ina hasken yake tafiya?" Tambayar ta yi mini daɗi, don ita ce ainihin tambayar.

Ga yadda abin yake. Haske yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da nauyin kuzarinsa; shuɗi ya fi kore kuzari, kore ya fi ja. Rinin da ke da dogon jerin zarrar kabon, inda ɗauri mai igiya biyu da mai igiya ɗaya ke bin juna, yana da ilektaron da ba su zauna a kan zarra guda ba, yawo suke a faɗin zobban. Irin waɗannan ilektaron ba su buƙatar kuzari mai yawa kafin su yi tsalle, shi ya sa hasken da ido ke gani ma ya ishe su. Fuloresin yana shan shuɗi, a wajen nanomita 490 (da nanomita ake auna tsawon zangon haske, kowane launi da nasa). Ilektaron ya haye sama nan take. Amma sama ba wurin zama ba ne, dole ya sauko, kuma hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ƙwayar ta karkaɗa, ta murɗa, ta bangaji ƙwayoyin ruwan da ke kewaye da ita har kuzarin ya zube ya zama ɗumi, ko kuma ta tofar da shi a matsayin sabon ƙunshin haske. Tsere ne tsakanin hanyoyin biyu. Fitar da haske yana ɗaukar fuloresin kamar kashi huɗu cikin biliyan na sakan ɗaya. A wurinmu wannan bai kai ƙiftawar ido ba, amma a wurin ƙwayar sinadari dogon zama ne. Zobe mai 'yancin juyawa zai riga ya zubar da kuzarin tun kafin lokacin ya cika. To amsar da na ba ta ke nan: hasken fenolftalin ya zama zafi, ɗan kaɗan da hannu ba zai ji ba. Shi kuwa fuloresin an toshe masa wannan ƙofa, sai ya fita ta ɗayar.

Ko a hakan ma sai an ɗan yi asara a hanya. Kafin ilektaron ya sauko, ƙwayar takan ɗan gyara zama, ruwan da ke kewaye da ita ma ya gyara tsayuwa, wani ɓangare na kuzarin ya tafi a nan. Don haka abin da ke fitowa kullum bai kai wanda ya shiga ƙarfi ba: shuɗi ya shiga, kore ya fito, a wajen nanomita 515. George Gabriel Stokes na Jami'ar Cambridge ne ya bayyana wannan a 1852. Ya raba hasken rana launi-launi da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa bi da kwalbar ruwan kwinin ta cikin launukan. Ja, rawaya, kore, shiru. Sai da ya wuce shunayya, ya shiga inda ido ke ganin duhu, sannan kwalbar ta kama da shuɗin haske. Kafin shi John Herschel ya lura da shuɗin nan a saman ruwan kwinin a 1845, amma Stokes ne ya gane cewa hasken da ba a gani ne ake sauyawa ya zama wanda ake gani. Har yau da sunansa ake kiran tazarar da ke tsakanin abin da rini ya sha da abin da ya mayar. Ba don wannan tazara ba, da aikin bai yi amfani ba, domin ita ce ke ba mu damar sa matatar gilashi ta tare hasken fitila, ta bar na rinin kaɗai ya iso ido.

Maganar Baba ta cunkoso kuwa, daga baya na fahimci dalilinta. In rinin ya yi yawa, saman ruwan kaɗai ke shanye hasken, ba ya ratsawa ciki. Ɗan abin da ya fito kuma maƙwabciyar ƙwaya ta sake haɗiye shi. Ga kuma ƙwayoyin, da yake a shimfiɗe suke kamar faranti, sukan hau kan juna biyu-biyu, kuma waɗanda suka haɗu haka ba su ƙyalli. Asid ma yana kashe shi. Zuba wa koren ruwan nan asid kaɗan-kaɗan, da ma'aunin pH, wanda ke sauka in asid ya ƙaru, ya yi ƙasa da 6.4 za ka ga ƙyallin yana dusashewa, a ƙarshe rinin ya kwanta a gindi. Da wannan hali nasa nake tsarkake shi: in narkar da soda, in tace, in kwantar da asid, in sake.

Yana kuma da wani hali na rufe kansa. Wani hannu da ke kan zobe na uku, wanda gadar ba ta ɗaure ba, yakan lanƙwaso ya kama kabon ɗin tsakiya, hanyar ilektaron ta yanke, launi da ƙyalli su ɓace gaba ɗaya. Masu nazarin halittu sun mori wannan. Akan toshe hannayen fuloresin biyu da wani ɗan guntun sinadari, asitet, ya zama marar launi, ya ratsa cikin ƙwayar halitta. In ƙwayar tana da rai, sinadaran cikinta su yanke toshiyar, ta kama kore. In matacciya ce, ta zauna a duhu. Rotman da Papermaster suka nuna haka a 1966, kuma har gobe ana yi.

Da masu haɗa rini suka sami wannan ƙashin baya na zobba biyu da gada a tsakaninsu, sai suka shiga yi masa kwaskwarima. Heinrich Caro ya liƙa masa zarrar buromin huɗu, aka sami iyosin, jan rinin da har yau ake rina yankan tsoka da shi kafin a duba ta a madubin likita. Sai dai zarra mai nauyi tana da nata sharrin: takan karkatar da ilektaron zuwa wani hali da ba ya saurin ba da haske, shi ya sa iyosin bai kai fuloresin ƙyalli ba, wanda aka sa wa ayodin huɗu kuwa ƙyallinsa ya kusa mutuwa. A 1887 Maurice Ceresole ya canja risosinol da wani ɗan'uwansa mai ɗauke da naitirojin, aka haifi rodamin. Shi ja ne mai ruwan hoda, yana ƙyallin ruwan lemu, asid ba ya kashe shi yadda yake kashe fuloresin, kuma ya fi shi jure duka daga fitila.

Ni a wurina rodamin ne ya fi kowa tabbatar da maganar ɗauri. A rodamin B, gadar oksijin tana nan, amma naitirojin ɗin da ke gefe biyu yana da 'yan jelarsa masu iya juyawa. Ƙofa ce da aka bari a buɗe. Da ruwa ya yi ɗumi sai jelar ta ƙara motsi, ƙyalli ya ragu, har ma akan yi amfani da shi wajen auna zafi a cikin siraran hanyoyin ruwa da ma'aunin zafi ba ya shiga. Sai aka zo aka ɗinke naitirojin ɗin da jikin zoben ta ɓangare biyu, aka sami rodamin 101. Shi kusan duk abin da ya sha yana mayarwa, kuma ɗumi bai cika dame shi ba. Daga zuriyarsa aka fitar da wanda ake sayarwa da sunan Texas Red.

Aikin da ya fi burge ni a 'yan shekarun nan shi ne na Luke Lavis da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Janelia da ke jihar Virginia a Amurka, wanda suka wallafa a 2015. Sun ɗauki tsohon rodamin mai jelar metil huɗu, wanda ke mayar da kashi 41 cikin ɗari na abin da ya sha. Suka haɗe jelar kowane naitirojin ta zama ɗan ƙaramin zobe mai kusurwa huɗu. Zarrar kabon biyu kacal aka ƙara wa ƙwayar baki ɗayanta, ƙyalli ya tashi zuwa kashi 88. Abin lura shi ne, ba ta tsohuwar hanyar Baeyer suka bi ba, don ɗan zoben nan ba zai jure tafasa a cikin asid ba. Sun fara ne daga fuloresin da aka riga aka gama, suka mayar da hannayensa biyu na oksijin masu sauƙin cirewa, sannan suka sa ƙarfen faladiyam ya yi musu dillanci, ya cire wancan ya dasa naitirojin. Yanzu haka ake ƙera rini da yawa: a gina gidan tukuna, sannan a sauya ƙofofi a cikin ruwan sanyi.

In ka bar gidan fuloresin ka leƙa wasu gidajen, labarin ɗaya ne. Rinin da ake kira BODIPY, wanda Treibs da Kreuzer suka fara haɗawa a 1968, zobba biyu ne masu naitirojin, ana ce musu firol, da ke iya lanƙwashewa, sai aka sa zarrar boron ta cije naitirojin ɗinsu biyu ta riƙe. Dangin sayanin kuwa doguwar sarƙa ce tsakanin kawuna biyu, tana iya murɗewa, shi ya sa wasunsu ba su da ƙyalli sosai a cikin ruwa. An yi musu takalmin gyaran kafa a tsakiya, suka ƙara haske. Akwai ma waɗanda da gangan aka bar su sake-sake. Rinin da ake gano DNA da shi, irin su tayazol mai ruwan lemu, a cikin ruwa kusan duhu ne, amma da ya kutsa tsakanin matakalan DNA ya matse, sai ya kama haske. Ko furotin ɗin nan mai koren ƙyalli da Osamu Shimomura ya ciro daga wata lallausar halittar teku, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien, haka yake: ɗan ɓangaren da ke ba da hasken yana kulle ne a tsakiyar furotin ɗin kamar a cikin ganga. Warware gangar, hasken ya mutu.

Amfaninsa kuwa bai jira masana sun gama fahimtarsa ba. Shekara shida kacal bayan Baeyer, a 1877, Adolf Knop ya zuba kilo 10 na gishirin fuloresin a kogin Danube, a kudancin Jamus, inda ruwan kogin ke nutsewa cikin ƙasa ya ɓace. Bayan kamar awa 60 koren ya ɓullo a maɓuɓɓugar Aach, wadda ruwanta ke gangarawa zuwa kogin Rhine. Likitan ido yakan ɗiga shi a ido ya haska da shuɗiyar fitila, duk inda aka ƙarje ya fito kore. A farkon shekarun 1940 Albert Coons ya ɗaura rini mai ƙyalli a jikin garkuwar jini, ta je ta nemo abin da take nema a cikin tsoka, ta haska wurin.

Kada wannan ya sa a ɗauka aikin duk daɗi ne. Dahuwar ita ce mai sauƙi. In kana son rinin da zai manne da furotin, sai ka ƙara masa ƙugiya a zobe na uku, kuma tsohuwar hanyar takan ba ka tagwaye, ɗaya ƙugiyarsa a gurbi na 5, ɗaya a na 6, sun yi kama har ba su son rabuwa. Na taɓa shafe mako guda ina bin su ta cikin dogon bututun silika, ina tara ruwan kwalba-kwalba, ina ɗiga kowace a faranti in duba da fitilar UV, mai hasken nan na bayan shunayya da ido ba ya gani, ƙarshe abin da na samu tsarkakakke bai rufe gindin kwalba ba. Ga shi rinin ba ya ɓoye laifin kowa: bakin famfo, hannun riga, murfin biro, duk inda ka taɓa sai fitila ta tona. Sannan ga ƙonewa. Fuloresin a ƙarƙashin madubi mai fitila mai ƙarfi yakan dushe kana kallo, domin lokaci-lokaci ilektaron yakan maƙale a wancan hali mai jinkiri, iskar oksijin ta same shi a nan ta lalata ƙwayar. Sau da yawa kafin ka gama saita hoto rabin hasken ya tafi. Wannan ne ya sa nake ganin duk wanda ke neman sabon rini, juriya ya kamata ya fara tambaya kafin ƙarfin ƙyalli.

Ɗalibar nan tawa ba ta gamsu da zane a allo ba, kuma na ji daɗin hakan. Ta sirka rodamin B ya yi tsarara, ta raba shi a bututun gwaji biyu daidai wa daida. Ɗaya ta tsoma a ruwan ƙanƙara, ɗaya a ruwan zafi, ta bar su minti goma. Muka kashe fitilun ɗakin, ta jera su a gaban fitilar UV. Na sanyin yana ci kamar garwashi, na zafin ya yi laushi, bambancin ba ya buƙatar na'ura. Sai ta musanya musu wuri, mai zafin ya koma ƙanƙara, muka tsaya muna kallo yana farfaɗowa a hankali.

Ta ce, "Malam, saura mu gwada 101 ɗin."

Na rubuta shi a jerin abubuwan da za a sayo, tare da sabuwar sandar gilashi, don ta wancan makon ta karye a cikin dunƙulen fuloresin.